Sawun da Ya Tsallake a Gidan Thaxton

Ni na buɗe ƙofar, don haka ni na fara gani. Ranar Asabar ce da la'asar, an taso daga kallon ƙwallo, tsofaffin 'yan ƙungiyar ɗaliban jami'a mai wannan gida da suka zo bikin cikar gidan shekara ɗari sun cika ɗakin cin abinci suna ta hayaniya kamar yaran firamare. Mista Carlisle Dabney, shugaban amintattun gidan, ya ce in buɗe ɗakin karatu baƙi su gaida Kanar. Na murɗa makulli, na tura. Hoton Kanar Thaxton, wanda ya gina gidan, yana nan rataye a saman murhu inda yake tun kafin a haifi kowa a cikinmu, amma an keta shi da wuƙa daga goshi har ƙirji, fuskar ta rabu biyu tana reto.

Ɗakin ƙofa biyu gare shi. Wadda na buɗe, makullinta na cikin jakata tun safe. Ɗayar tana fita wani dogon lungu da masu filasta ke gyaran rufinsa, an ɗaure bakinsa da igiya, farar ƙura ta kwanta a ƙasa kamar an barbaɗa gari. A cikin ƙurar ga sawun takalmi nan raɗau, shiga da fita.

"Kada wanda ya taka wurin nan!" in ji Mista Dabney. "Wannan sawun shi ne shaidarmu."

Ba a daɗe ba aka samo takalman a bakin ƙofar baya, manyan takalman aiki, ƙasansu fari fat. Kowa ya san na Lonnie Askew ne.

Lonnie shi ne baƙar fata na farko da gidan ya taɓa karɓa, a shekarar 1979, shi ma bai kai ga rantsuwar zama cikakken ɗan ƙungiya ba, yana cikin 'yan gwaji masu shara da goge takalma da hawa ta matakalar baya. Zanen gine-gine yake karanta da tallafin jami'a, uwarsa na aikin jinya a wani gari can kudu. Laifinsa na gaskiya ya yi shi ne tun daren Juma'a a teburin abinci. Mista Dabney na ta zuba yabon Kanar, sai Lonnie ya ajiye cokali ya ce, "Ranka ya daɗe, tubalin ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai shatin yatsu a jikinsu, wasu ma ƙanana. Fursunoni baƙaƙe Kanar ya ɗauko haya suka buga su. Su a ina aka rataye hotonsu?"  Mista Dabney ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ci abincinka."

Kafin magariba ranar Asabar an kai ƙararsa jami'a. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Laraba, kuma in suka same shi da laifi, kora ce, tallafi ya tafi, karatu ya ƙare.

* * *

Sunana Vesta Odell. Ni ke kula da gidan tun rasuwar mijina, yaran na kirana Mama, musamman in suna son a ƙara musu nama. Na san gidan ciki da bai. Jan tubali ne hawa uku, da can yana fuskantar kogi. Bayan gobarar 1957 aka juya masa fuska zuwa sabon titi, aka kakkafa masa fararen ginshiƙai don masu wucewa su ɗauka fadar wani ce. Ginshiƙan katako ne aka shafa wa fenti, in ka ƙwanƙwasa za ka ji suna amsawa kamar ganga. A bakin babbar ƙofa akwai tambarin ƙungiya na tagulla a jikin daɓe, wanda duk mai rantsuwa ba ya takawa, sai dai ya tsallake. Na ga alƙali ya tsallake shi, na ga mashayi da ko sunansa ba ya iya faɗa ya tsallake shi.

Orrin Tackett bai zo kallon ƙwallo ba, sai da dare ya iso don liyafa. Shi ma ɗan ƙungiyar ne, na kafin gobara, amma bai zama lauya ko likita irin sa'o'insa ba. Aikin gandun daji ya yi wa jiha, rayuwarsa ta ƙare a bin sawun mafarautan da suka ɓata da yaran da suka shige kurmi. Dogo ne, marar yawan magana, in kana yi masa magana ƙafarka yake kallo. Mista Dabney da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa Orrin, ga aikinka ya samu. Duba mana sawun nan ka sa hannu, kwamiti su huta."

"Zan duba," in ji Tackett. Bai ce zai sa hannu ba.

* * *

Lahadi da safe ya fara da Lonnie, a kicin ɗina. Yaron bai runtsa ba, idanunsa sun yi ja.

"Ina kake lokacin ƙwallo?"

"A ƙarƙashin ƙasa, yallaɓai. Ina zana tubalin nan."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Takalmanka fa?"

"Mama ba ta barin a shigo mata da su. Kullum a bakin ƙofar baya suke kwana."

"Haka ne," na ce. "Ba shi kaɗai ba, ko gwamna ne."

"Ka ji motsi a sama?"

"Na ji an buɗe ƙofar baya, na ɗauka Mama ce." Sannan ya ce, "Yallaɓai, in da zan yaga hoton nan, ai da ba zan fara faɗa a gaban mutum hamsin cewa ba na sonsa ba. Ban kai haka wauta ba."

"Masu fushi sukan kai," in ji Tackett. "Tashi ka taka mini zuwa tagar can ka dawo."

Lonnie ya taka. Tackett ya bi ƙafafunsa da ido.

Daga nan ya tsallaka titi zuwa gidan wata ƙungiyar, abokan gabarmu na gado, waɗanda duk shekara sai sun sace mana wani abu. Bara kan barewar da ke falo suka ɗauke, aka same shi a ofishin shugaban jami'a sanye da hula. Shugabansu ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Baba, mu sata muke yi, ba yanka ba. Da mun samu Kanar ɗinku ai da yanzu yana bayan motar kwashe shara yana zaga gari. Kuma jiya duk muna fili muna zagin 'yan gidanku, tambayi kowa."

Mai filasta, wani Mista Gaither, ya yi cacar baki da Mista Dabney ranar Alhamis a kan launin rufi, har ya yi jifa da cokalin gini. Tackett ya same shi a bakin coci. Ashe tun Juma'a yana wajen jana'izar surukinsa a wata gunduma, mutanen gari guda shaida ne.

Saura Whit Ransdell. A al'adar gidan kowane ɗan gwaji ana ba shi yaya daga cikin masu rantsuwa, mai koya masa dokoki da tsaya masa. Whit ne yayan Lonnie, shi ya kawo sunansa, shi ya yi ta faɗa har aka karɓe shi. Ɗakinsu ɗaya, na sha ganinsu suna cin gwangwanin wake da cokali ɗaya. Tackett ya tare shi a matakala.

"Kana ganin ƙanenka zai aikata?"

"A'a. Wato, ban sani ba, yallaɓai. Yana da zuciya."

"Ka ga wasan har ƙarshe?"

"Na gani."

"Wa ya ci a zagaye na uku na wasan?"

Whit ya kalli bango. "Rana ta dame ni, ban lura ba."

Ranar kuwa hadari ne tun safe har yamma.

* * *

Da hantsi Tackett ya cire takalmansa ya shiga lungun da safa, yana bin gefen bango don kada ya ɓata sawun. Ni ina tsaye a bakin igiya da kofin shayinsa. Ya durƙusa, ya kwanta, ya haska tocila daga gefe, ya ɗauki hotuna.

"Takalman na yaron ne," in ji shi. "Ƙafar da ke ciki ce ban yarda da ita ba. Dubi dunduniya, tana jan ƙura a kowane taku. Takalmin ya fi ƙarfin mai shi. Amma kwamiti za su ce sauri yake yi bai ɗaure igiya ba."

"To sai me?"

"Ga abin da ya dame ni." Ya nuna tsakiyar lungun. "Nan taku ya tsawaita, kamar mai tsallake kwata. Da shiga ya yi, da fita ma ya yi, a wuri guda. Na duba, ba ƙusa, ba bokiti, ba shatin komai. Katako ne sumul."

Ya daɗe a tsugune. Daga baya ya miƙe ya ce bari ya sha shayin tun bai huce ba. Ya taho yana ba ni labarin wani maharbi da ya taɓa nema a kan dutse, hankalinsa na can. Da ya zo daidai wurin, sai na ga ƙafarsa ta miƙe, ya yi wani dogon taku, ya ci gaba da labarinsa.

"Mista Tackett, me ka tsallake?"

Ya tsaya cak. Ya waiwaya, ya kalli sawun safarsa a gefen bango, ya kalli na takalmin a tsakiya. Giɓin a wuri ɗaya yake. 

"Misis Odell," ya ce a hankali, "nan ne tsohuwar ƙofar gida, mai kallon kogi. Nan tambarin yake kafin gobara."

Bai sha shayin ba.

* * *

Bayan abincin rana ya tara kowa a ɗakin cin abinci, yara da tsofaffi. Lonnie aka bari a kicin, don ba shi da rantsuwa. Ni kuwa ina zuba kofi, kuma mai zuba kofi ba a ganinta.

"Ina tambarin gidan nan yake?" Tackett ya tambayi yaran.

"Bakin babbar ƙofa," suka amsa, wasu na dariya.

"Kafin nan fa?"

Yaran suka kalli juna. Ba wanda ya sani. Zanen tsohon ginin ya ƙone, an sake daɓe, kuma maganar tambari ba a yinta da bare balle a rubuta. Tsofaffin kuwa kowa ya sunkuya yana duba kofinsa.

"Wanda ya yaga hoton nan ya tsallake tambarin da babu shi yau shekara ashirin da wani abu. Kansa ya manta, ƙafarsa ba ta manta ba. Tawa ma ba ta manta ba, na gwada. Lonnie Askew ba a haife shi ba lokacin da aka cire tambarin. 'Yan kafin gobara da ke garin nan mu huɗu ne. Ni ina kan hanya. Fasto Sizemore yana zaune da 'yan wasa har aka tashi, duniya ta gan shi. Likita Prewitt ba ya taku ɗaya sai da sanda, kuma babu shatin sanda a ƙurar nan." Ya juya. "Ɗan'uwa Carlisle, takalmi lamba nawa kake sawa?"

Mista Dabney ɗan guntu ne, ƙafarsa ba ta fi ta matarsa ba. Ya gyara zama. "Ina filin wasa, Orrin. A rumfar manya."

"Whit, kai da ba ka ga zagaye na uku ba, wa ka kai a mota lokacin hutun rabin lokaci?"

Whit ya yi fari kamar filastar lungun. Kowa ya san yana gama karatu bankin Mista Dabney zai shiga, har an nuna masa teburinsa.

"Ya ce maganin zuciyarsa ya manta," in ji Whit. "Ya ce in jira a mota. Ya zaga ta baya. Wallahi ban san..."

"Ka sani tun jiya da la'asar," in ji Tackett.

Na zaci Mista Dabney zai yi gardama, ko ya faɗi, ko ya ji kunya. Sai ya ɗauki adiko ya goge baki, ya miƙe tsaye kamar mai jawabin biki.

"To, a ce ni ne. Hoto yadi ne da fenti, akwai mai ɗinke shi a birni, ni zan biya. Amma kun ji abin da yaron nan ya faɗa a teburin nan, yana cin abincinmu. Bai ma yi rantsuwa ba ke nan. In ya yi, ranar da zai kawo 'yan jarida su ɗauki hoton tubali tana nan tafe. Na yi abin da dukanku kuke so a yi, ba ku da ƙarfin hali ne." Ya dubi Tackett. "Kuma ɗan'uwa, ka san rantsuwar da ka yi. Abin da aka faɗa tsakanin 'yan'uwa ba ya fita sai gida ya yarda. A kawo akwati."

Sai a lokacin suka tuna da ni. "Mama, ki ɗan ba mu wuri."

Akwatin ƙuri'a na katako ne, mai rumfa da ke rufe hannu, a ciki akwai 'yan duwatsu farare da baƙaƙe. Mutum zai zura hannu ya jefa ɗaya a rami, ba wanda ya ga wanne ya ɗauka. Fari na nufin a kai gaskiya jami'a, baƙi na nufin ta tsaya a gida. Daga kicin muna jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ni da Lonnie. Na ba shi biredi, bai taɓa ba.

Da suka watse suka bar akwatin a kan tebur, kamar yadda suke barin komai don in kwashe. Na ja aljihun da duwatsun suka taru a ciki na duba kafin in mayar da shi kabad.

Kafin yamma aka ba 'yan gwaji tsintsiya da bokiti. Abokan Lonnie, waɗanda suka shigo tare, su suka share lungun suka goge shi har yana ƙyalli. Ɗayansu kuka yake yi yana sharar, amma bai ajiye tsintsiyar ba.

* * *

Tackett ya karya rantsuwarsa ranar Laraba, ina zaune a bayansa. Ya shimfiɗa hotuna a gaban kwamiti, ya nuna dunduniyar da ke ja, ya nuna giɓin. Shugabar kwamitin, wata farfesa mai kirki, ta saurara da kyau.

"Mista Tackett, na ga taku ya tsawaita. Amma abin da ke gabana takalmin ɗalibin ne, da furucinsa na daren Juma'a. Kana cewa akwai wani tambari a nan da can. Akwai zane? Akwai hoto?"

"Sun ƙone."

"Akwai wanda zai tabbatar?"

Aka kira Likita Prewitt, ya ce shekaru sun ja, ba ya iya tunawa. Fasto Sizemore ya aiko cewa mura ta kwantar da shi. Ni aka tambaye ni, na faɗi duk abin da na ji ina zuba kofi. Lauyan gidan ya tambaye ni ko na taɓa ganin tambari a lungun da idona, na ce na zo bayan gobara. Ya tambaya ko kalmar Mista Dabney ba "a ce ni ne" ba ce. Na ce ita ce. Ya yi mini godiya da ladabi har na ji kamar in kwaɗa masa jaka.

Whit ya shigo da sabuwar kwat. Ya ce lallai ya ɗauki Mista Dabney a mota, amma otal ya kai shi. Bai kalli ɓangaren da Lonnie yake ba ko sau ɗaya.

Shaida dai ga ta a kan tebur, amma duk wanda zai iya karanta ta a faɗin jihar nan ya rantse ba zai buɗe baki ba. Na zauna ina kallon waɗannan mutane da na dafa wa abinci, na yi jinyar zazzaɓinsu, na yi wa iyayensu ƙarya don rufa musu asiri, na ji na tsane su har cikin raina. Kwamiti ya kori Lonnie. A makon ne kuma aka sauke hoton ajin su Tackett daga bango, aka liƙe fuskarsa da baƙar takarda, aka mayar.

* * *

Ni na kai Lonnie tashar mota da safe, Tackett ya ɗauko masa akwati. Takalman na hannun jami'a har yanzu, don haka da na zuwa coci ya yi tafiya. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ce bai san yadda zai fara gaya wa uwarsa ba, ta riga ta gaya wa duk asibitinsu cewa ɗanta zai zana gidaje.

Direba ya kunna mota. Lonnie ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ya juyo.

"Mama, ke kike mayar da akwatin nan kabad."

"Ni ce."

"A gaban kwamiti na san tsoro Whit ya ji, bankin nan ne duk rayuwarsa. Ban riƙe shi da wannan ba. Amma a cikin akwati ba mai ganin hannun mutum."  "Farare nawa ne?"

Na so in ce biyu, na Tackett da na Whit. Harshena har ya ɗauko. Amma an yi wa yaron nan ƙarya ta ishe shi a mako guda, ba zan ƙara masa tawa ba.

"Ɗaya ne, Lonnie."

Ya kalli Tackett. Tackett ya sunkuyar da kai.

"To," in ji Lonnie. "Na gode, Mama."

Ya hau, ya wuce can ɗaya ɓangaren ya zauna, inda ba za mu gan shi ta taga ba.